Tururuwar Inna Ƙaltume

Kafin ladan ya gama kiran asalatu a Zangon Ankara, hayaƙi ya riga ya tashi a bayan ɗakin Inna Ƙaltume. Babbar tukunya na kan murhu, ruwa na tafasa da ganyen tsamiya, ita kuwa tana tsugune tana dama kunun kanwa tana mita ita kaɗai, don Inna ba ta iya aiki sai da mita. Itacen da matan ƙabilar Ga ke sayarwa ɗanye ne, ruwan rijiya gishiri-gishiri ne, 'yan matan yanzu ba su san riƙon jariri ba. In ta idar da salla sai ta ɗebi tsakin masara ta je gindin katanga, ta zuba wa tururuwa a bakin raminsu. Duk unguwa an san ramin nan. Ba a share shi, ba a zubar da ruwan wanka kusa da shi, akuyar da ta kuskura ta taka shi ma sai ta sha zagi har kakanninta. Daga nan Inna ta gyara ɗaurin zane, ta ɗora ƙwarya a ka, ta bi lungu-lungu gidajen masu jego. Haka take shekara talatin, tun lokacin da sojan Hausa suka dawo daga yaƙin Kumasi, ta biyo ayarin matansu ta sauka a nan bakin teku.

A can arewa, in mace ta ɗauki cikin fari, gidan iyayenta take komawa ta haihu, uwarta ta yi mata wankan jego. To, a nan ina gidan? Wata daga Kano aka zo da ita, wata daga Yendi, wata ma ba ta san sunan garinsu ba. Gida mafi kusa tafiyar wata biyu ne a ƙafa. Inna Ƙaltume, ke ce gidan da 'ya'yan Zango suke komawa. Ke ce mai gasa cibiya da man kaɗe, ke ce mai gane kukan yunwa da na ciwon ciki tun daga zaure, ke ce mai korar 'yan barka in sun cika wa mai jego ɗaki da surutu. Ba a taɓa naɗa miki rawani ba, ba a taɓa buga miki ganga ba, amma rabin samarin da ke tinƙaho a kasuwar Salaga ta nan Ankara ke kika fara wanke musu baya.

Ayyukanta ba za su faɗu a zama ɗaya ba. Guda ɗaya za a kawo, wanda Alimatu matar Amidu soja ba ta gajiya da ba da labarinsa, shekara ashirin bayan faruwarsa.

Alimatu yarinya ce daga wajen Yendi, ba uwa ba uba a Ankara, Hausarta ma ta kasuwa ce, ba ta raba mace da namiji. Ta haifi 'yarta ta fari lafiya lau. Sai dai har kwana uku jaririyar ba ta daina tsala kuka ba, in an sa ta a nono ta kama ta saki, nonon kuwa ya cika ya yi tauri, taɓa shi ma azaba ne. A gidan akwai Goggo Hamsatu, ƙanwar mahaifin Amidu, wadda ta raine shi tun yana maraya. Mace ce mai kirki da tsoron Allah, kuma tana son jaririyar nan kamar ranta. Son ne ma ya sa ta yi abin da ta ga iyayenta suna yi. Ta tatsi nonon a ƙoƙo, ta kamo kiyashi ta jefa a ciki. In ya fita da rai, nono mai kyau ne. In ya mutu, mugun nono ne, ba a ba yaro. Kiyashi ya yi 'yan zagayensa, ya miƙe ƙafafu.

Nan take Goggo ta yanke hukunci. A cire yarinya daga nono, a ba ta na akuya da ruwan koko, uwar kuma ta sha magani mai ɗaci kwana arba'in har nonon ya wanku. Amidu bai iya musu da matar da ta raine shi ba, ya fita ya jawo akuya mai ɗa ya ɗaure a tsakar gida. Kowace mace a gidan ta san inda jariran akuya suka fi ƙarewa, a bayan gari, cikin 'yar tabarma.

Da hantsi Inna ta shigo da ƙwaryarta. Ta ga akuya, ta ga Alimatu ta juya wa bango fuska, ta ga jaririya a cinyar Goggo leɓenta ya bushe.

Alimatu ta ce da muryar da kuka ya dusashe, "Inna, sun ce nonona shi ne mugu. Yarinya zai mutu?"

Inna ta sauke ƙwaryarta. Ta leƙa ƙoƙon, ta taɓe baki.

"Hamsatu, mene ne wannan?"

"Gwaji ne, Ƙaltume. Kin gani da idonki."

"Kiyashi? Tun yaushe aka fara kai wa kiyashi shari'a? Abin da ko iska ta busa sai ya suma? A inda na fito tururuwa ce alƙali. Kuma ba a gwaji a ƙoƙon da aka taɓa zuba gishiri."

Goggo ta ture ƙoƙon gefe, don a Ankara babu ƙoƙon da bai taɓa ganin gishiri ba. Inna ta kwance bakin zanenta, ta fito da wata sakaina mai faɗi da ta sha hannu har tana sheƙi, da ɗan kurtu mai marfi. Ta ɗiga nono a kan sakainar, ɗigo huɗu ko biyar, ta yi bisimilla, ta girgizo baƙar tururuwa ƙatuwa daga kurtun ta sa a tsakiya. Mata suka sunkuya, har Amidu ya leƙo daga bakin ƙofa duk da kunyar ɗan fari. Tururuwa ta taka nonon, ta tsaya ta goge ƙahonninta, ta haye gefen sakaina ta kama hanyarta.

Goggo Hamsatu ta ce, "Alhamdu lillahi," da zuciya ɗaya, hawaye na zubo mata. Ita da kanta ta miƙa jaririyar.

A nan aikin gaske ya fara, wanda ba a cika ba da labarinsa ba don ba shi da abin kallo. Inna ta jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ta gasa nonon, ta yi ta matsa shi a hankali har ya saki. Ta zaunar da Alimatu ta jingina da bango, ta ɗora mata yarinya ciki ya manne da ciki.

"Ki dube ta mana! Kunyar 'yar fari ki ajiye ta a ƙofar ɗaki, in kin fita kya ɗauka. Kar ki kai mata nono, ita za ki jawo. Ki jira ta wage baki kamar mai hamma. Yauwa! Ba kan kaɗai za ta kama ba, har baƙin nan na kewaye. Kina jin zafi?"

"A'a, Inna."

"To saurara."

Ɗakin ya yi tsit. Sai ga ƙarar haɗiya, ƙut, ƙut, ƙut. Alimatu ta ce har ta koma ga Allah ba za ta ji abin da ya fi wannan daɗi a kunne ba.

Inna ta juya ga Amidu. "Kai kuma soja, ka tsaya kana zare ido. Mayar da akuyar mutane. Ka sauka bakin teku ka samo kifi mai mai, ka bi ta wajen fatake ka samo kanwa. Kuma in ka dawo ka wanke hannu, zan koya maka yadda ake ɗora ta a kafaɗa ta yi gyatsa. Wanda ya iya saɓa bindiga ba zai ce mini bai iya saɓa 'yarsa ba."

Kwana arba'in Inna tana zuwa gidan safe da yamma. Ranar suna aka raɗa wa yarinya Zenabu. Tun daga nan, duk gidan da aka yi shakkar nono a Zango, sai a ce a kira Inna da tururuwarta. Kuma abin mamaki, a tsawon shekarun nan ba a taɓa jin tururuwar Inna ta mutu ba, ko sau ɗaya. Wasu suka ce albarkar tsakin da take ba su ne. Wasu suka ce akwai abin da take karantawa. In an tambaye ta sai ta ce a matsa mata daga hanya, ruwanta na hucewa.

Bana yanar ido ta rufe wa Inna gani, gwiwa kuma ta ƙi. A watan jiya Zenabun nan, jaririyar da aka jawo wa akuya, ta haifi ɗa namiji. Goggo Hamsatu, wadda yanzu sai da sanda, ta ce a kira Ƙaltume ta yi gwaji don hankali ya kwanta. Alimatu ta je ta riƙo hannunta suka taho. Gidan cike da mata 'yan barka, kuma ranar Inna ba ta kori kowa ba.

Ta zauna, ta ce, "Yau ce rana ta ƙarshe da zan yi aikin nan, don haka ku matso. Alimatu, ɗebo mini ruwa a randar da kuke sha. A ƙoƙo, ki cika shi."

Aka kawo. Ta miƙa kurtun. "Jefa ta a ciki, ki gaya mini abin da kika gani."

"Yana juyawa, Inna. Yana neman gefe. Ya kasa. Inna, ya fara sanyi."

"Tsamo ta maza, kar ta mutu, ta yi mini aiki." Ta ɗaga kai wajen matan. "To? Ruwan da kuke sha kuke alwala da shi, shi ma mugun nono ne?"

Wata ta yi dariya, dariyar ta tsaya a hanya.

Inna ta ce, "Tururuwa ba ta iya iyo. Shi ke nan sirrin, ba wani karatu. A ƙoƙo ta nutse, a sakaina ta taka ta wuce. A can garin Salaga na haifi ɗana na fari, aka gwada nonona, aka ɗauke shi aka ba akuya. Kwana goma sha tara ya yi. Bayan an kai shi ina zaune gindin randa, zanena ya jiƙe da nonon da aka hana shi, sai na ga tururuwa ta faɗa moɗa ta mutu. A ruwan sha. Na zauna ina kallonta har rana ta faɗi."

Alimatu ta ce, "Inna, me ya sa ba ka faɗa ba tun da?"

"Wa zai ji? Baƙuwa, ba miji ba dangi, in ce iyayen mutane ba su san abin da suke yi ba? Da an ce na taɓu, an daina kirana, akuya ta ci gaba da aikinta. Sai na ce bari in bi su ta inda suka yarda. Yanzu na tsufa, wanda ya ga dama ya ce na taɓu."

Can Goggo Hamsatu ta yi magana, a hankali, ba ta kallon kowa.

"Biyu. Ni ma 'ya'yana biyu aka ɗauke."

Inna ta lalubo hannunta ta riƙe. "Na sani, Hamsatu. Ba ki sani ba, ni ma ban sani ba, waɗanda suka yi mana ma ba su sani ba. Allah ya haɗa mu da su a inda ba a raba uwa da ɗa." Tsofaffin biyu suka yi kukan da ya jira su shekara da shekaru, mu da muka ji labarin ma sai da muka share ido.

Inna Ƙaltume, ke ce wadda aka raba da ɗa ɗaya, kika hana a raba ɗaruruwa da iyayensu. Kin yi mana wayo shekara talatin, kuma ba mu taɓa godiya ga wanda ya yi mana wayo kamar yadda muke gode miki ba. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki ladan kowace tukunya da kika ɗora da kowace haɗiya da kika saurara. Har yau tana lalubawa gindin katanga ta zuba wa tururuwarta tsaki, tana yi musu mita cewa sun zama cima-zaune. Ƙwaryar kuwa ta koma kan Alimatu, ita ke bin lungu yanzu.

Ku matan Zango, da ku mazan da ke tsayawa a bakin ƙofa, ba sai kun iya duk abin da Inna ta iya ba. In maƙwabciya ta haihu ba ta da kowa, ku ɗora mata ruwa, ku zauna kusa da ita har yaro ya kama. Wanda yake ganin ya makara, ya dubi Goggo Hamsatu. Shekaran jiya a gidan wasu baƙi da suka sauka daga arewa, wata dattijuwa ta ce a kawo ƙoƙo a kamo tururuwa. Goggo ta dogara sandarta ta miƙe, ta tsaya tsakanin dattijuwar da mai jego.

Ta ce, "Ku bar tururuwa ta yi kiwonta. Ku miƙa wa yarinyar nan ɗanta."