Delgermaa da Kwarin da Wuta Ta Cinye

Kowace safiya, kafin shayin madararta ya huce, Delgermaa ta riga ta buɗe hotunan da tauraron ɗan'adam ya ɗauko na filayen kiwon lardinmu na Dornod. Aikinta ke nan tun tana budurwa: ta zana iyakar inda wutar daji ta ci, ta nuna wa makiyaya inda ciyawa ta tsira. Bana za ta ajiye aiki, ni kuwa da muke aiki tare na rantse ba za ta tafi shiru ba.

Bara wuta ta lashe kwarin da tsoho Gombosuren ke tanada wa tumakinsa don lokacin sanyi. Da aka yi ruwa, tsiro ya rufe tokar, wuri ya yi kore shar. Tsoho ya ce can zai sauka, kamar yadda ubansa ya saba. Delgermaa kuwa ta ga hoton washegarin gobarar, kwarin ya ƙone ƙurmus. Ta san tsiron nan bai kai yatsa ba, dusar ƙanƙarar farko za ta binne shi, yunwa ta kwashe garken.

Ta tuƙa mota yini guda har tantinsa.

"'Yar nan, wannan tauraron naki ya taɓa kiwon ko akuya ɗaya?" in ji tsoho.

"Ko ɗaya, Baba. Amma ya fi ka tsawo."

Mu nan ba a ambaton mugun abu a cikin tanti, don haka ba ta ce masa tumaki za su mutu ba. Ta shimfiɗa hoton, ta ɗora yatsa kan wani zirin ciyawa a hayin kogi da wuta ta tsallake. Ya kau da kai. Ta ce to, ita ma ta samu wurin zama. Ta kwana ta tashi tana taya matarsa tatsa, hoton kuma kullum yana gefen kwanon shayinsa. Da ya gaji, ya hau doki ya je ya dubo wurin. Da ya dawo, sai ya dubi matarsa ya ce, "Kwance tantin, hayin kogi za mu."

Sanyin ya yi tsanani ƙwarai. Da bazara ya aiko saƙo: "Ku gaya wa mai taurin kan nan tumaki sun haihu."

Ke ce mai taurin kan, Delgermaa, kuma wallahi muna alfahari da ke. Mun gode. Ku kuma masu tasowa, in kun gama zana taswira, ku ɗauke ta ku kai wa mai tumaki, ku zauna har sai ya tashi.