Kaset Ɗin da Na Aiko daga Jidda

A shekarar da aka yanke mana jihar Jigawa daga Kano na sayar da shanun nomana biyu na tafi Jidda neman aiki. Na bar wa yayana amanar fadamata da ke bakin kogin Haɗejiya, inda nake noman shinkafa.

Wankin mota na samu a can. Mu tara a ɗaki ɗaya, babu mai takardar zama, in an ce ga 'yan sanda kowa ya kama gabansa. Ba zan ce ban samu komai ba. Matata ta samu keken ɗinki, na yi wa mahaifiyata rufin kwano. A ƙarƙashinsa ta rasu ina can.

Lokacin ban iya rubutu ba, sai dai in ɗauki magana a kaset in ba alhazai masu komawa gida. Rediyo ɗaya ce a gidanmu, ta Yaya, kuma a ƙofar gida yake kunnawa kowa yana ji. Wa zai faɗi wahalarsa a gaban jama'a? Na ce kullum nama nake ci. Don in ba su dariya na ƙara da cewa, "Ni da shiga laka har abada. Yaya, na bar maka fadamar da sauronta."

A shekara ta shida aka kama ni, aka sa ni a jirgi daga ni sai rigar jikina.

Bayan mako guda na ce zan duba fadamata. Yaya ya ce mu fara biyawa wurin mai unguwa. Ashe ya ajiye kaset ɗin a ƙasan akwati, naɗe cikin leda. Ya kunna a gaban dattawa. Muryata ta fito, har da dariyata.

Mai unguwa ya ce, "Alhaji, muryar wa ke nan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wasa nake yi."

"Da ƙasa ake wasa? Wannan kyauta ce, ga shaidu sun ji."

Yaya ya mai da kaset baya, ya sake kunna wurin sauron. Aka yi ta dariya. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Gobe za a fara dashe. In kana son ƙwadago ka zo da wuri, ba na ɗaukar malalaci."

Na je. Ina da iyali.

Abin da tafiyar ta ci mini: shanu biyu, fadama ɗaya, shekara shida, jana'izar mahaifiyata, da ɗan'uwa ɗaya.