Nas Ɗin da Ta Tare Ƙofar Ɗakin Yara

Da safe in ta shiga ɗakin yara, ba ta tsayawa doguwar gaisuwa. Gado-gado take bi, ta ɗaga rigar kowane yaro ta kalli ƙirjinsa, ta ga ko haƙarƙari na lotsawa in ya ja numfashi. Ta gyara robar iska a hanci, ta yi allurar namoniya. Sai daga ƙarshe ta ciro ɗan almakashinta, ta yanke kan jan kafson bitamin, ta matse wa wanda likita ya ce a ba, galibi wanda ƙyanda ko rama ta riga ta kayar. Kuma kullum sai ta faɗa wa uwa: “Wannan ɗan taimako ne, ba shi ne maganin ba.”

Iyaye suka sa mata suna Sarkin Faɗa. Makon jiya ta yi ritaya, na ji wasu na cewa yanzu kunne zai huta. To, ni ban yarda ba. E, tana da faɗa, kuma ina cikin masu gode wa Allah da ya yi ta haka.

Ku tambayi mai sharar ɗakin, a gabanta aka yi. An kawo wata yarinya da ta tashi daga ƙyanda ta faɗa namoniya mai tsanani. Kakarta ce ke jinya. Da tsohuwa ta ga an ɗiga jan abin nan, washegari kuma yarinya ta buɗe ido, sai ta zare robar iska, ta goya jikarta, ta nufi ƙofa. Nas ta riga ta isa, ta kafa hannu a kowane gefe.

“Iya, ina zuwa?”

“Gida, ’yar nan. Ai an ba ta na ƙarfin. In da saura, mai kemis ɗin layinmu na da shi har da kwalba.”

“Sauke ta ki dubi ƙirjinta. Huhunta bai warke ba, allura ba ta ƙare ba. In kika fita da ita haka, ba lallai ta kai gida ba.”

“Jikata ce ko taki? Wallahi sai na kai ƙararki.”

“Ofis na hagu, Iya. Sun saba ganin masu ƙarata. Ki je, amma ki bar min ita a gado.”

Tsohuwa ta yi zagi har mai shara ta sunkuyar da kai. Amma ta kwance goyo, ta duba, ta ga yadda ƙirjin ke shiga ciki. Da hannunta ta miƙa wa nas robar. Ƙarar kuwa sai da ta kai.

Sarkin Faɗa, ke ce kika zaɓi a zage ki da a ɗauki gawa. Ke ce ba ki taɓa barin uwa ta ɗauka ɗigo ɗaya ya isa ba, alhali da kin yi shiru da an fi son ki. Ba a taɓa kiranki gaban taro an yaba miki ba, kuma wannan yana ba ni haushi har yau.

Ranar da ake sallamar nas ɗin daga aiki, sai ga tsohuwar nan ta shigo, fuska a ɗaure, tana jan wata yarinya da ke kwarara ihu don an hana ta hawa keken marasa lafiya.

“Ga wadda kika ƙwace min,” in ji ta. “Ta fi ki baki.”

Nas ta saurari ihun, ta yi murmushi. “Bar ta, Iya. Huhu ne lafiyayye.”

Mun gode, Sarkin Faɗa. Allah ya saka miki, ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma da kuka gaji ɗakin, almakashin kowa na iya riƙewa. Ƙofar muke so ku koyi tarewa.