Karyar da Na Kusa Sa Hannu a Kashe

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da Mama Rifkatu ta shigo ofishinmu rungume da kwali, jini na ɗiga daga ɗan yatsanta. Ku sababbin nan da kuke ganin takardar makaranta ta gama muku komai, ku ja kujera ku ji yadda tsohon hannu ya kusa yin aika-aika.

Da damina ne, ranar kasuwar shanu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Lokacin ina babban jami'in lafiyar dabbobi. Wato ni ba likita ba ne. Mu ne masu rigakafi da wanke rauni da duba dabba kafin yanka, likita kuma shi ke da ta cewa a kan cuta. Likitarmu, Dokta Hajara, ta tafi Gella duba wani garke, sauran ma'aikata suna kasuwa. Shekarata ashirin da biyu a aiki, kusan duka a gindin saniya na yi su. Kare kam, in faɗa muku gaskiya, ko taɓa shi ba na so.

Mama Rifkatu tsohuwar malamar firamare ce, 'yar Michika, mijinta ya rasu, 'ya'ya duk sun watse garuruwa. A cikin kwalin akwai wata 'yar karya fara mai gashi buzu-buzu, ba ta fi kaza girma ba, 'yarta ce ta kawo mata don ta ɗebe mata kewa. Sunanta Auduga. Ƙafafunta sun sandare, jikinta na kakkarwa, tana haki, yawu na zuba. Bayan Mama kuma ga maƙwabcinta Tumba, riƙe da taɓarya.

"Oga, mahaukacin kare ne," in ji Tumba. "Ka ga kumfa? Ya ciji Mama. Yarana huɗu suna wasa a gida ɗaya da shi. Ka ba ni izini kawai, ni zan gama da shi a waje."

"Ba ta cije ni da gangan ba!" Mama ta ce. "Na ga ta faɗi, na sa mata cokali a baki kar ta haɗiye harshe, kamar yadda ake yi wa mai farfaɗiya. Haƙori ya kama ni."

Ƙa'idarmu ita ce, kare in ya ciji mutum ana tsare shi a keji kwana goma a ga halinsa. In kuwa alamun hauka sun bayyana kuma yana bakin mutuwa, sai a kashe shi a aika da kan wurin gwaji, don a san matsayin wanda aka ciza. Na dubi karyar nan daga nesa, na ga yawu, na ga jini, zuciyata ta gama yanke hukunci. Mama ta miƙo katin rigakafi, na ture shi gefe. Na kai ta bakin famfo ta wanke yatsan da sabulu, na dawo na ciro takardar izinin kashe karyar. Har na rubuta sunanta da unguwarsu. Abin da ya hana ni sa hannu kawai shi ne dole sai da yardar likita, sai na kira Dokta.

"Malam Usmanu, tsaya tukuna," in ji ta. "Yawu ba shi ne hauka ba. Jiya lafiyarta lau? Ta ci abinci? Ta canza hali cikin kwanakin nan?"

Na tambayi Mama, ta ce har safiyar nan tana bin ta a tsakar gida.

Dokta ta ce irin ƙananan karnukan nan abu kaɗan ke kayar da su, domin jikin ba shi da ajiya. In sun kwana da yunwa sukari ya sauka a jini, sai su faɗi suna shure-shure. Ta sa na tambaya ko an sa maganin ɓera a gidan, ko an yi feshin gona kusa, ko wani ya wanke ta da maganin kaska na shanu, abin da mutanenmu suke yawan yi har su kashe dabba da hannunsu. Ko ta faɗo daga wuri mai tsawo ta bugu a ka? Ko ta taɓa yin haka a baya, don akwai masu farfaɗiya ta gado, akwai kuma waɗanda hantarsu ce ba ta aiki daidai tun haihuwa? Mama ta yi ta cewa a'a, a'a. Tumba yana ta buga taɓarya a ƙasa.

"Ka taɓa ta kuwa?" Dokta ta tambaya.

Na ce daga nesa na dube ta.

"Haba, Malam Usmanu! Sa safar hannu ka juya ta ka duba cikinta."

Na sa safa biyu, na yi bisimilla, na juya ta. Jikin zafi rau kamar an sauke tukunya. Nonuwa kuwa cike taf, ina taɓawa madara ta fito.

"Mama, haihuwa ta yi?"

"Sati biyu da kwana uku. Yara shida."

"Shida? To me ya hana ki faɗa?"

"Ka tambaye ni?"

Wallahi kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Sau nawa na tayar da saniyar madara da ta kwanta bayan haihuwa saboda kalsiyam, sinadarin nan na ƙashi, ya ƙare a jininta? Da saniya ce, daga bakin ƙofa zan gane. 'Yan kwikwiyo shida sun tsotse uwar da ba ta kai kilo huɗu ba, abincinta kuma ragowar tuwon masara.

Na miƙa hannu ga babbar kwalbar kalsiyam da muke yi wa shanu allura da ita, Dokta kamar tana ganina ta ce kul, wannan ta fi ƙarfin zuciyar karyar, a nemo ƙananan kwalabe na mutane a kemis. Ta ce ba za a jira ta dawo ba, hanya ta yi laka, kuma in zafin ya ci gaba karyar ba za ta kai azahar ba. Na dubi Tumba, shi ne mai mashin. Ya dube ni, ya dubi Mama, ya jingine taɓaryar a bango ya fita da gudu.

Kafin ya dawo na lulluɓe karyar da jiƙaƙƙen tsumma. Allurar nan a jijiya ake yi, a hankali ƙwarai, kana sauraron bugun zuciya, in ya rikice ka tsaya. Ni da na saba da jijiyar wuyan bijimi mai kaurin yatsa, yau ga ni ina laluben abu kamar zare. Sau biyu ina kuskurewa. Tumba ne ya riƙe mini ƙafar, yana cewa, "Oga, ka sake kuskurewa fa." Na ce ya yi mini shiru, a karo na uku na samu jijiyar. Mama ta kara mini waya a kusa, Dokta tana ƙirga mini lokaci.

Wajen minti goma sha biyar, kakkarwar ta fara lafawa. Ƙafafun suka saki. Hakin ya ragu. Can sai ta ɗaga kai, ta dudduba, ta lashi hannun Mama. Mama ta zauna daɓas a ƙasa tana kiran sunan Allah. Ni ma sai a lokacin na ji rigata ta jiƙe sharkaf.

Ƙa'ida dai ba a tsallake ta ba. Tunda an yi cizo, Auduga ta zauna a kejinmu kwana goma, Mama kuma na tura ta asibiti a duba yatsan. 'Yan kwikwiyon aka cire su daga nono, matar Tumba ce ta riƙa ba su madara da sirinji. Kullum da safe ni nake kai wa karyar ƙwai da kifi da ƙwayar maganinta, abokan aiki suna tsokanata wai an yi mini ƙarin girma zuwa sarkin karnuka. A rana ta goma Dokta ta duba ta, ta rubuta cewa lafiyarta lau.

Abin da na ɗauka daga wannan rana shi ne, faɗuwa da shure-shure alama ce kawai, dalilanta suna da yawa, kuma ba ka gano su daga nesa. Tsoron Tumba gaskiya ne, uba ne. Amma ni ba a biyana albashi don in taya mutane tsoro. Dabba ba ta magana, mai ita kuma a ruɗe yake zuwa, abin da ka tambaya shi kawai zai faɗa maka.

Da Mama ta zo ɗaukarta, ta rungume ta a zani. Har ta kai bakin ƙofa sai ta juyo.

"Malam, kwana goman nan ban yi magana da kowa da safe ba. Tun da Baban yara ya rasu, ita nake ce wa ina kwana."

Na ce Allah ya ƙara lafiya, Mama. Na shige ɗakin magani na rufe ƙofa, don kar su ga idona.