Hannun da Ghislaine Ta Ƙi Kamawa

Duk garinmu na bakin kogin Saguenay a ƙasar Kanada babu mai son gaisawa da Ghislaine Perron. Shekara talatin ta yi tana aikin jinya a sashen masu ciwon tsoka, tana taya likita soka wa mutane allura a cinya ana sauraren ƙarar nama a na'ura, har abin ya bi jikinta. Ciwon da ya addabe mu a nan na gado ne: ka damƙi abu, yatsu su ƙi buɗewa sai sun ga dama. Saboda haka in Ghislaine ta miƙo maka hannu, awo take yi.

Ta auna mai gidan burodi, ta auna ɗan takarar magajin gari. Ko limamin coci bai tsira ba. A bakin ƙofa ranar Lahadi ta ce, "Fada, sakar min hannu mana."

Ya ce, "Albarka nake sa miki, 'yata."

Ta ce, "Albarkar nan ta wuce daƙiƙa biyar. Ka zo asibiti, kuma ka sa gajeren wando." Ya je, aka kuwa samu ciwon.

Ni maƙwabcinta ne, na san abin da take ɓoyewa. Ciwon nan ne ya zaunar da mijinta a keken guragu har ya rasu, ya bar mata 'ya ɗaya, Maude. Mu nan dangi sumbar kumatu suke yi, ba sa musabaha, to da wannan ta fake shekara ashirin da shida ba ta auna 'yar ba. Ko kwalba ba ta barin yarinyar ta buɗe a gabanta. Tsoro ne zalla, ni kuwa haushi yake ba ni.

Ran nan ina kicin ɗinta ina cin fanke na banza, sai ga Maude.

"Mama, ni da mijina muna son haihuwa. Kin auna kowa har Fada. Ga nawa hannun."

"Ke ba ki ga hannuna duk fulawa ba?"

"Goge."

Ta daɗe tana gogewa kafin ta miƙa. Maude ta damƙe da ƙarfi. Da ƙyar Ghislaine ta ce, "Saki." Nan take yatsun Maude suka buɗe.

"Wannan ba hujja ba ce," in ji Ghislaine. "Gobe za a ɗebi jininki."

"Na ji, Mama. Amma ke ce fa har yanzu ba ki sake ni ba."