Rabin Zanen Mama

Na daɗe ina ɗinki a kasuwar Kafanchan, na ɗinka wa masu tsiwa da masu mita, amma ban taɓa gamuwa da mai wuyar sha'ani irin uwar da ta haife ni ba. Duk yayin da aka fito da shi, ita abu ɗaya ta sani: hannun riga ya sauko har wuyan hannu. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da ƙadangare ma ke neman inuwa, Mama na cikin dogon hannu tana zuba gumi. Da matan zumunta na cocinsu suka fitar da anko mai gajeren hannu, sai da muka yi kwanaki ba ma ga maciji da juna, don na ce mata anko anko ne. A ƙarshe ni na sauko, na nemo ƙyalle na ƙara mata.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne a gidanmu. A ƙauyen su Mama, can bayan Kagoma, a zamanin ƙuruciyarta duk yarinyar da ta tasa sai an yi mata zane a hannun dama: layi biyu daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, da gajerun layuka a tsakani kamar tsani. Maƙwabtanmu Hausawa jarfa suke ce masa. Na Mama ya taso da kyau, ya zo tsakiyar hanya ya tsaya cak. Wai ana cikin yi ta fizge hannunta ta arce cikin dawa. Tun daga ranar tsararrakinta suka samu abin tsokana, ko a biki ko a makoki sai wata ta ce mai gudu ta iso. Mu 'ya'yanta ma ba mu bar ta ba. Da yake a kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa muka tashi, sai muka riƙa cewa layin dogon Mama bai kai tasha ba. Takan yi dariya ta kai mana duka, mu kuwa muna zaton dariyar har ciki ce.

Na ga zane iri-iri a rayuwata. Kusa da shagona akwai wani wanzami da ke zama da zabirarsa, shi da aska yake tsaga. Fulani masu kawo nono suna da nasu a gefen baki, baƙi wuluk. Muna makaranta 'yan mata kan fasa ƙwallon kashu su ƙona fatarsu da ruwansa, wai ado, ya ɗuri ruwa su kwana suna kuka. Yanzu kuma ina ganin samari da na inji, zaki ne, maciji ne, abin dai ba a cewa komai. Amma na ƙauyen su Mama da ƙaya ake yi. Daga baya allura ta shigo daga kanti, daga baya kuma coci da makaranta suka shigo, 'yan mata suka daina miƙa hannu. Zuwa farkon shekarun casa'in mace ɗaya ce ta rage da ta iya, ita ma a wurin uwarta ta koya, uwar nan kuwa ita ce matar da Mama ta guje wa. Kuma duk cikin tsararrakin Mama masu tsokanarta, 'yar ita ce sarauniya.

A lokacin Baba ya riga ya rasu, Mama na zaune a wurina. Wata rana mai kawo mana doya daga ƙauyen ta ce ai tsohuwar nan yanar ido ta fara rufe mata gani, kwanan nan sai da ɗan jagora. Mama ta jira har mai doya ta tafi. Sannan ta ce, "Asabar za mu je gida. Zan gama abin nan."

Na ajiye almakashi. "Mama, da tsufanki? Da hawan jininki? Me fasto zai ce?"

"Fasto ne ya haife ni?" Hausar Mama ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "shi" ne a bakinta. "In idon shi ya rufe, shi ke nan. Zan shiga kabari da rabi. Matan da za su wanke ni ma sai sun yi dariya."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na kawo zancen cututtukan zamani. A banza. Abin da na samu kawai shi ne ta yarda in tafi da sababbin allurai daga shago, in dafa su da hannuna.

Ranar Asabar muka hau bas zuwa Kagoma, daga nan muka hau mashin. Mama ta rungume kazar da za ta kai, ta damƙe mai mashin da ɗaya hannun, duk ramin da ya faɗa sai ta ja masa kunne a kan lahira. Muka tarar da tsohuwar a gindin mangwaro tana ɓarar gyaɗa. Ba ta gane mu da ido ba, amma Mama na yin gaisuwa ta watsar da gyaɗar ta rangaɗa guɗa.

"Mai gudu ya dawo! Ku tare hanyan dawa!"

"Rufe mini baki, makauniya," in ji Mama. Suka rungume juna suna dariya, kaza na kuka a tsakaninsu.

Da ta ji abin da ya kawo mu, ba ta yi mamaki ba ko kaɗan, sai ka ce jiya aka tsaya. Na miƙa mata alluraina da ladabi, na ce, "Kaka, ga waɗannan, na dafa su." Ta lalube su ta mayar mini. Wai allura ta teloli ce. Abin da ƙaya ta fara, ƙaya ce za ta gama. Ta sa aka tsinko ƙayar lemo daga bayan gida, ta zaɓi masu tsini da yatsa, ta haɗa su ta naɗe da zare a jikin kara. Ni ma na kafe sai an tafasa su, ta ce in tafasa har da miya in na ga dama. Ta kankaro baƙin gindin tukunya a cikin kasko, ta murza ganyen wake ta matse ruwan a kai, ta dama har ya yi kauri. Da tsinke za ta fara zana hanyar, sannan ta bi ta da ƙaya tana tsattsaga fata, tana share jini, tana cusa baƙin. In an gama a shafa man kaɗe, kada ruwa ya taɓa sai ya kame.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mama ta naɗe hannun rigarta a gaban matan unguwa da suka fara taruwa, ta zauna a kan turmin da aka kifa. Tsohuwar ta kai fuskarta dab da hannun kamar mai shinshina, ta zana hanyar. Tana ɗaga ƙayar sai na ga Mama ta waiga. Ta dubi ƙofa. Wallahi na zaci za ta sake zurawa da gudu, har na fara jin kunya a madadinta.

Sai tsohuwar ta sauke hannu. "A'a. Ba haka ake yi ba. Wa zai riƙe shi?"

Na ce, "Riƙewa kuma, Kaka?"

"Ke 'yar birni, ba ki san komai ba. Ba a zane a kan turmi. Yarinya a ƙasa yake zama, tsakanin ƙafan uwan shi, ya jingina da ƙirjin shi. Uwa ya rufe mishi ido, yana mishi waƙa." Ta juya karan a hannunta. Da ta ci gaba, babu wasa a muryarta. "Ran nan mu duka kowa da uwan shi. Wannan, uwan shi ya mutu kafin girbi. Shi kaɗai aka ɗora a turmi."

Na san kakata ta rasu Mama na ƙarama, na kuma san labarin gudu tun ina goye, amma ban taɓa haɗa biyun ba. Raina ya ɓaci, na rasa da wa zan yi fushi, da matan nan ko da kaina da layin dogona.

Na tuɓe takalmi na zauna a ƙasa, na jingina da rumbu, na buɗe ƙafa. Mama ta sauko daga turmin ba tare da ta dube ni ba, ta zauna a gabana ta kwanto da bayanta. Ashe ba ta da nauyi ko kaɗan. Na sa tafin hannu na rufe mata ido. Ban san waƙar da ake yi ba, sai na kama wadda muke yi a sujada, matan suka amsa. Ƙaya ta shiga, Mama ta zabura, na ƙara matse ta. Na ji tafina ya jiƙe da hawayenta.

Gaskiya zanen bai yi kyau ba. Hannun tsohuwar na rawa, ido ba ya gani, fata kuma ta saki. Tsohon rabin ya koɗe ya koma kore-kore, a miƙe sambal, sabon kuwa baƙi ƙirin, a karkace kamar hanyar da mai mashin ya bi da mu. Amma ya kai gwiwar hannu. Tsohuwar ta tofa masa yawu don albarka, ta ce yanzu sai ta nemi wani abin tsokanar, tunda an raba ta da na hannu.

Da ya warke, Mama ta shigo shago da ankon zumuntar nan ta jefa mini a kan keken ɗinki.

"Cire ƙyallen nan da kika ƙara. Zafi yake sa ni."

Ranar Lahadi ina daga baya ina kallonta a cikin mawaƙa, duk wanda ya ɗaga hannu sai nata ya fi nasa tsawo. Har ta koma ga Ubangiji ban sake ɗinka mata dogon hannu ba.