Akuyar Inna da Bunsurun Shami

Shekarun baya, da na dawo ƙauyenmu daga karatu a Wad Madani, ji nake babu abin da ban sani ba. Har da kiwon awaki, ni da ban taɓa tatsar ko ɗaya ba.

Mahaifiyata tana da wata jar akuya, irin ƙananan nan namu masu gajerun ƙafafu. Nononta bai wuce kofi biyu ba, amma da shi Inna take haɗa shayinta na safe. Ko gona za ta, akuyar na biye da ita.

Sai abokina ya sayo bunsuru irin wanda ake kira Shami a kasuwar Managil, ƙato, kunnuwansa har reto suke. Na ce wa Inna mu kai masa akuyar, 'ya'ya su fito manya, nono ya wadata. Ta ɗora tafinta a kan ƙugun akuyar ta auna, ta ce ƙashinta ƙarami ne, ba za ta iya haifar ɗan wannan ba. Na yi dariya a raina. Da ta tafi ta'aziyya Damazin, na ja akuyar na kai.

Bayan wata biyar naƙuda ta zo da hantsi. Har azahar kan ɗan ne kawai ya leƙo, ya tsaya cak. Inna ta shafa man riɗi a hannu ta gwada, ko motsi bai yi ba. Na tari raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, na tafi neman likitan dabbobi, aka ce ya fita wani ƙauye. Da na dawo da la'asar, akuyar ta daina kuka, sai ido.

Inna ta tambaye ni bunsurun wa ne. Na faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba.

"Halas, ya waladi," ta ce da Larabci, wato shi ke nan, ɗana. "Ɗauko wuƙa tun ba ta zan mushe ba. Babu wani namiji a gidan ga sai kai."

Da hannuna na yanka ta. Inna ta raba wa maƙwabta naman, ko tsoka ɗaya ba ta shiga tukunyarta ba.

Tun ranar na daina raina abin da mutum ya daɗe yana yi da hannunsa. Daga baya na saya mata awaki, ta karɓa, ta sa mini albarka. Amma abin da har yau yake ci mini rai shi ne, ba ta taɓa tada maganar ba. Ni kuma na yi ta jiran ta fara, don in ce ta yafe mini, har Allah ya karɓi abinsa.